Fitilar Godox SL60W da fuskar baƙar mace a bidiyon waƙa mai bango ɗaya

Bidiyon waƙa mai bango ɗaya shi ne wanda ake tsayar da mawaƙiya a gaban bango mai launi guda: ba mota, ba lambun otal, ba 'yan rawa, ba canjin kaya sau bakwai. Ita kaɗai ce da muryarta, wani lokacin da makirufo a rataye ko kujera guda. Situdiyon COLORS na birnin Balin a Jamus, wanda ya fara a 2016, shi ne ya fi yaɗa salon a YouTube, kuma mawaƙan Najeriya da dama sun tsaya a gaban bangonsa. Amma tun kafin shi an san abin. Bidiyon "Single Ladies" na Beyoncé, wanda Jake Nava ya ba da umarni a 2008, mata uku ne kawai a farin fili, hoton baƙi da fari, babu komai a bayansu.

Salon ya dace da Zariya ƙwarai. Ɗaki ɗaya a Samaru ko Sabon Gari ya wadatar, ba sai an yi hayar wuri ba, ba sai an kwashi jama'a a mota zuwa Kaduna ko Kano ba. Ga mace kuwa sauƙin ya fi yawa. Mai waƙar biki, da sha'ira mai yabon Manzon Allah (SAW), da ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da ke gwada muryarta, duk za su iya aikinsu a rufaffen ɗaki tare da 'yar'uwa ko ƙawa, babu yaran unguwa da za su yi musu zobe suna ɗaga wayoyi. Sai dai salon yana da sharaɗi mai tsauri. Tunda an kwashe komai daga hoton, idon mai kallo ba shi da wurin zuwa sai fuskarta. Idan haske ya ɓata fatar, bidiyon ya ɓaci daga farko har ƙarshe, babu wani ɓangare da zai rufa masa asiri.

Shi ya sa wannan sharhi ya ɗauki Godox SL60W, ɗaya daga cikin fitilun da masu ƙananan situdiyo ke farawa da su saboda arha, ya auna ta da tambaya guda: za ta iya fitar da baƙar mace yadda take, da launinta da sheƙinta? Amsar a taƙaice ita ce za ta iya, daga kai zuwa ƙugu, matuƙar an ɗaura mata babban sofbos, wato akwatin yadi mai farar fuska da ke tausasa haske, an kuma matso da ita kusa. Idan ana son dukan jiki a gaban farin bango, ita kaɗai ba za ta iya ba.

A cikin kwali za ka tarar da fitilar, da kwanon ƙarfe mai tattara haske, da wayar wuta, da rimot, da murfin roba mai kare ƙwan. Ƙafar da za ta tsaya a kai ba ta ciki, sofbos ma sai ka saya daban. Ƙwanta LED ne mai wat 60, launin haskenta 5600K, wato launin hasken rana, kuma ba ya sauyawa zuwa ja-ja irin na fitilar ɗaki. Tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ba ta da batir. Bakinta, inda ake ɗaura sofbos, irin na Bowens ne, kuma wannan shi ne babban alherinta, domin kusan duk sofbos da ake samu a kasuwa zai hau kanta. Murfin roban nan a cire shi kafin a kunna. Wanda ya manta da shi a kai zai ji ƙauri cikin 'yan mintoci, robar ta narke, wani lokaci ta manne wa ƙwan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa mata kwanon ƙarfen da ta zo da shi a haska fuska kai tsaye, wai don baƙar fata tana buƙatar haske mai ƙarfi. Sakamakon a bayyane yake: farin tabo mai kaifi a goshi, wani a karan hanci, inuwar hanci ta faɗo kan leɓe, sauran fuskar kuma ta nutse. Mai kallo zai ce gumi take yi. Dalilin yana cikin yadda fata ke mu'amala da haske. Fata mai duhu tana shanye mafi yawan hasken da ya shige ta, don haka babban kaso na abin da kyamara ke gani shi ne hasken da ya dawo daga saman fatar, kuma wannan haske yana ɗauke da siffar fitilar da ta aiko shi. Ƙaramar fitila tana barin ƙaramin tabo mai zafi. Babbar fitila mai laushi tana shimfiɗa sheƙi mai faɗi a kan kumatu da goshi, kamar yadda haske ke kwanciya a kan baƙin rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Wannan sheƙin shi ne ke zana siffar fuskar. Girman fitilar ya fi ƙarfinta muhimmanci a nan, kuma duk wanda ya gane haka ya gama rabin aikin.

Sofbos mai kusurwa takwas na santimita 90 shi ne mafi ƙanƙanta da ya kamata a saya. Na santimita 120 ya fi kyau a fuska, amma yana da nauyi, kuma a nan fitilar ke nuna rauninta na farko. Maƙallin da ke riƙe kanta a karkace ba shi da ƙarfin kirki. Da babban sofbos, kan yakan sunkuya a hankali yayin da ake ɗauka, sai a tarar hasken da aka saita a ido ya sauko ƙirji. Matse shi da ƙarfin tsiya yana cinye shi ne kawai. Gara a ɗaura sofbos ɗin ta yadda nauyin ba zai rinjaya gaba sosai ba, a riƙa duba shi bayan kowane ɗauka, a kuma aza jakar yashi ko bulo a gindin ƙafar don kada gyale ko waya ta ja ta ƙasa.

Ga yadda jerin yake a ɗaki mai faɗin mita huɗu da tsawon mita biyar. Mawaƙiya ta tsaya mita biyu daga bango. Fitila ta tsaya a gefenta ta gaba, kamar digiri 45 daga inda kyamara take, tazarar fuskar sofbos da fuskarta mita ɗaya zuwa mita ɗaya da santimita 20. Tsakiyar sofbos ya ɗara idonta da kamar taƙi ɗaya, a ɗan sunkuyar da shi. Alamar an dace ita ce a ga ɗigon haske a cikin ƙwayar idonta duka biyu. Idan ɗigon ya ɓace, fitilar ta yi sama da yawa. Wannan yakan faru sosai da matanmu, domin bakin hijabi ko ɗaurin ɗankwali mai tudu yana yi wa goshi da ido rumfa. Tsarin da ake koyarwa a bidiyon Turawa na ɗaga fitila sama sosai an yi shi ne don kai marar lulluɓi. A nan sai an sauko da ita, ko a ce, "Hajiya, ɗan ɗago haɓa kaɗan," har ɗigon ya dawo.

A ɗaya gefen fuskar a riƙe faifan mayar da haske, tazarar santimita 60 zuwa 80. Fari yana cike inuwa da haske mai laushi, mai ruwan azurfa yana ba da sheƙi mai ɗan kaifi wanda ke yi wa baƙa sosai kyau. Mai ruwan zinare zalla a guje shi, yakan mayar da kunci ruwan lemo alhali ɗaya kuncin yana nan da launin rana. Wanda bai da faifai ya nemi farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, aikinsu ɗaya. Idan mata biyu ne a hoton, baƙa da wankan tarwaɗa, wadda ta fi duhu ta tsaya kusa da fitilar. Haske yana raguwa da sauri: in an ninka tazara, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke isa. Taku guda ya isa ya daidaita su ba tare da an taɓa komai a editin ba.

Wannan lissafin ne kuma ke nuna iyakar fitilar. A mita ɗaya da ɗan ɗori, ta cikin sofbos, za ka yi aiki da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400 zuwa 800 da buɗewar gilashi f/2.8 zuwa f/4, hoton ya fito tas. Da zarar an ce a ɗauki dukan jiki, dole fitilar ta ja baya zuwa mita uku don ta fita daga hoton, hasken da ke isa fuska ya ragu fiye da sau shida, sofbos ɗin ma ya zama ƙarami a idon fatar, tabon goshi ya dawo. Ana ɗaga ISO don cike giɓin sai hoton ya yi yashi-yashi, kuma yashin a wuraren duhu yake taruwa, wato a kan fatar da ake son nunawa. Mai son ɗaukar tafiyar hawainiya a firam 50, wato hoto 50 a daƙiƙa, zai sake rasa rabin hasken, domin shota, wato lokacin da haske ke shiga kowane hoto, za ta koma 1/100 na daƙiƙa daga 1/50. Ga irin wannan aiki sai a nemi yayar fitilar mai wat 150, ko a haɗa guda biyu a bayan babban farin yadi.

Saitin kyamara ya zama na hannu gaba ɗaya. Firam 25, shota 1/50, saboda wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk wani ƙwan ɗaki da ya shiga hoton yana iya riƙa ƙyaftawa idan aka ɗauka a firam 30 ko 60. Mafi alheri ma a kashe fitilun ɗakin duka, a rufe taga da baƙin labule. Dogon ƙwan nan mai farin haske yana zuba kore a fata, ƙwai mai ja-ja yana zuba ruwan lemo, kuma idan suka gauraya da hasken Godox a fuska ɗaya babu editan da zai raba su.

Kada a bar wa kyamara zaɓin yawan haske. Ma'auninta yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa ruwan toka matsakaici. In ta ga farin bango ya cika hoto sai ta rage haske, fuskar ta zama inuwa. In ta ga baƙin bango sai ta ƙara, fatar ta koɗe ta yi fari-fari. Wannan matsala tana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana aika wa ɗakunan wanke hoto da wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita launi a kansa. Fatar da aka ɗauka a matsayin ma'auni ke nan shekara da shekaru, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launi daban-daban. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa koke-koken masu sayar da kujerun katako da cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa da kyau a talla, suna cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa. Yanzu abubuwa sun sauya. Google ta fito da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021, ta kuma ɗauki ma'aunin launin fata mai mataki 10 na Ellis Monk na Jami'ar Harvard a 2022, masu Tecno ma sun daɗe suna tallar cewa kyamararsu ta san baƙar fata. Duk da haka mai ɗaukar bidiyo ne ya kamata ya yanke hukunci, ba injin ba.

Idan kyamarar tana nuna ma'aunin haske daga 0 zuwa 100, abin da ke aiki a aikace shi ne kuncin baƙa sosai ya zauna tsakanin 30 da 40, na wankan tarwaɗa tsakanin 45 da 55, sheƙin goshi da na kumatu kuma ya hau har 70 ko 80 amma kada ya kai 100. Darussa da yawa na intanet suna cewa a kai fata 70. Wannan lambar ta farar fata ce. Wanda ya kai baƙar mace 70 ya yi mata bilicin da fitila.

Batun launi. Kamfanin ya ce ingancin launin fitilar ya haura 90 cikin 100, kuma a ido hakan yana nunawa idan aka jera ta da fitilar zobe mai arha da 'yan TikTok ke amfani da ita. Abin da fitila marar inganci ke rasawa shi ne ja, kuma jan da ke ƙarƙashin baƙar fata shi ne ranta. In babu shi fuska takan yi toka-toka kamar ta marar lafiya. SL60W tana da jan da ya isa, amma da yawa daga cikinsu suna ɗan karkata zuwa kore, abin da ake gani a gefen baki da ƙarƙashin ido. Maganinsa mai sauƙi ne. A riƙe kati mai ruwan toka a daidai inda fuskarta za ta kasance, a ɗauki saitin fari, wato abin da ke gaya wa kyamara launin hasken, daga kansa maimakon a rubuta 5600 kawai. In kyamarar tana ba da dama, a tura launin mataki ɗaya ko biyu zuwa ɓangaren ruwan hoda.

Mai kwalliya tana da rabin alhakin hoton, kuma ya kamata ta ga allon kyamara kafin ta gama. Fandeshan da ya fi wuya haske, wanda ake wucewa da shi a wurin biki da daddare, babban sofbos zai tona shi: fuska launi ɗaya, wuya da hannu wani launin. A gwada shi a muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya. Hoda mai yawa tana kashe sheƙin da aka sayi sofbos dominsa, don haka a taƙaita ta a tsakiyar goshi da gefen hanci. Da hunturu fata takan yi furu-furu, musamman bayan hannu da gaɓoɓin yatsu, kuma a bidiyon da babu komai sai mace da hannuwanta masu lalle, wannan yana fitowa ɓaro-ɓaro. Man kaɗanya kaɗan, a murza shi a tafi har ya narke, a danna a kan kumatu da hannu. Da bazara kuwa, a watan Maris da Afrilu, gumi ne abokin gaba. A riƙa danne shi da tishu tsakanin ɗauka, kada a ɗora hoda kan hoda. A nan fitilar ta ci yabo: ba ta gasa mutum kamar tsofaffin fitilun nan masu jan kai na wat 800. In sheƙin ya wuce kima duk da haka, filtar folaraiza da ake murɗawa a bakin gilashin kyamara tana rage shi daidai yadda ake so, sai dai tana cin fiye da rabin hasken, kuma wat 60 ba ta da rarar da za ta bayar da yawa.

Farin bango shi ne kowa ke fara nema, kuma shi ne mafi wahala. Fitila ɗaya ba za ta haska fuska ta kuma haska bango ba. Da mawaƙiya a mita biyu daga farin bango, bangon zai fito ruwan toka, kuma wannan ruwan tokan yana yi wa baƙar fata kyau sosai, kyauta ne ba sai an sayi komai ba. In lallai fari tas ake so, sai an ƙara fitila biyu a gefe da gefe suna haska bangon kaɗai, a tsayar da shi a 90 zuwa 95 na ma'aunin haske. Ya wuce haka, hasken zai dawo ya shiga gilashin kyamara ya yi wa fuskar hazo, ya cinye gefen gyale. Baƙin bango yana buƙatar ƙaramar fitila ta biyu daga baya da sama don ta zana layin kafaɗa da kai, in ba haka ba mai baƙin hijabi za ta zama fuska kawai tana yawo a duhu. Launukan da suka fi karɓar baƙar fata su ne ruwan ƙwai mai duhu, ruwan goro, shuɗi mai zurfi da ja mai duhu. Kore mai haske yana fesa launinsa a kunci idan ta matsa kusa da shi. Ruwan ƙasa da ya yi kusa da launin fatarta yana haɗiye ta.

Ga fenti, a yi amfani da na ruwa marar ƙyalli. Fenti mai mai zai mayar da hoton sofbos a matsayin farin tabo a bayan kanta. Yadi mai launi guda daga kasuwar Sabon Gari yana aiki in an goge shi an ja shi ya miƙe, domin kowane lanƙwasa yana fitowa. Takardar bango da ake shigowa da ita, mai faɗin mita 2.72, ta fi su sumul, amma tana shan laima da damina ta yi kumburi, takalmi mai tsini kuma yana huda ta.

Akwai wata matsala ta bango mai launi guda da ba a gani sai an gama. Inda haske ke raguwa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, hoton yakan tsage zuwa zobba-zobba, musamman a kyamara mai bit 8, wadda matakan launinta ba su da yawa, kuma YouTube da WhatsApp suna ƙara tsananta shi idan suka matse fayil. Kada a ɗauka da saitin nan mai koɗaɗɗen launi da ake kira log a irin wannan kyamara, a ɗauka da launi na yau da kullum, sannan a yayyafa ɗan yashin fim kaɗan a editin kafin a fitar.

Tufafi ma sai an zaɓa. Atamfa mai manyan zane tana zama lafiya. Mai ƙananan layuka a jere takan yi rawa-rawa a allo. Leshi mai duwatsu yana tartsatsi a ƙarƙashin fitila ya janye ido daga fuska. Farin hijabi shi ne jarrabawa mafi girma, domin tazarar haskensa da na baƙar fuska tana da faɗi. A saita haske don fuskar, sannan a kare ƙirjin hijabin da baƙin kwali a ƙasan sofbos don ya rage abin da ke sauka a kansa. Hijabi mai ruwan madara ya fi fari tas sauƙin ɗauka.

Duk wannan ƙoƙarin yana iya rushewa da jumla ɗaya da ake yawan ji a ɗakin editin: "Malam, a ɗan ƙara mata haske." Wani lokaci furodusa ne ke faɗa, wani lokaci ita mawaƙiyar da kanta, domin ta saba ganin kanta ta cikin filtar waya. Wannan abu yana ci mana rai. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Yarinyar da ke kallon bidiyo a Tudun Wada ko Gyallesu, in duk macen da ta gani a allo an wanke ta ta koma fara, ta karɓi saƙon ko da ba a furta ba. Edita ya raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa: fuska ta fito a gan ta sarai, da fuska ta sauya launi. Na farko aikinsa ne. Na biyu ƙarya ce ake yi wa mai kallo, kuma cin fuska ne ga mai fuskar. A manhajar DaVinci Resolve, wadda akwai ta kyauta, ma'aunin launi yana da layin fata. Fatar ɗan Adam, fara ko baƙa, tana zama kusa da wannan layi, bambancin yana wajen duhu da kauri. A daidaita ta a kan layin, a bar duhunta inda yake. Shiryayyun launuka da ake saukewa daga intanet, da maɓallan gyaran fuska na CapCut, yawancinsu suna ɗaga fata su goge ƙofofin gashi har fuska ta zama kamar roba. Hanyar da ta fi shawo kan mawaƙiya ita ce a nuna mata hoton tun a situdiyo, a babban allo, lokacin da sheƙin ke kwance a kumatunta. Mace da ta ga kanta a haske mai kyau ba ta cika neman a sauya ta ba.

Inda aka ajiye kyamara shi ma magana ce. A daidai tsayin idonta, da gilashi mai tsawon milimita 50 zuwa 85, daga tazarar mita biyu ko fiye. Gilashi mai faɗi da aka kawo kusa, kamar yadda ake yi da waya, yana kumbura hanci da leɓe. A bidiyoyin waje da yawa rage kayan ɗaki yakan zo tare da rage tufafi, kyamara ta riƙa yawo a jikin mace tana yanka shi gunduwa-gunduwa. Salon bai wajabta haka ba, kuma ƙarfinsa ma yana wani wajen. A yawancin bidiyon waƙoƙinmu mace ado ce a gefen namiji, tana juyi tana murmushi, sau da yawa tana motsa baki a kan muryar wata. Bango ɗaya yana mayar da ita mai magana. In baitin nata ne, kyamara ta zauna a fuskarta har ta kai ƙarshensa, kada a yanka kowace daƙiƙa biyu. Mu ba baƙin wannan ba ne. Marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya da 'yan amshi ta riƙe taron mata shekara da shekaru, babu wani ado a bayanta da ya taimaka mata.

Sauran raunin fitilar na yau da kullum ne. Fankarta tana aiki muddin tana kunne, kuma ana jin ta a ɗaki shiru. Ga bidiyon da ake bin waƙar da aka riga aka ɗauka ta sifika, wannan ba komai ba ne. Ga wadda za ta rera kai tsaye, ko masu mandiri da za a ɗauki sautinsu a wurin, makirufo zai kama ƙugin, sai an kusantar da shi bakinta an nesanta shi da fitilar. Samfurin da ya biyo bayanta, SL60II, ya fi shiru, ana sarrafa shi da waya, akwai kuma wanda launinsa ke sauyawa daga ja-ja zuwa fari. Mai ɗaukar sauti kai tsaye ya ƙara kuɗi ya sayi SL60II. Fankar kuma tana zuƙar ƙurar hunturu, don haka a riƙa hure ramukan iskar, a rufe ta da leda in an tashi aiki bayan ta huce. Wajen wuta ba ta da ci: inbata ƙarama za ta riƙe guda biyu ko uku tare da cajin kyamara. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka shi ne abin tsoro, a sa sitabilaiza a tsakani, kuma a kashe fitilar kafin a sauya daga wutar NEPA zuwa janareta.

Farashinta yana bin dala, don haka a tambaya a wuri biyu ko uku, a kuma lissafa da kuɗin ƙafa mai ƙarfi da sofbos tun farko, domin fitilar tsirararta ba za ta yi wannan aikin ba. Wanda kuɗinsa ya isa abu ɗaya tak, tsakanin fitila ta biyu da babban sofbos, ya ɗauki sofbos. Kafin a biya, musamman in ta hannu ce, a sa mai shago ya kunna ta minti 15, a saurari fankar ko tana karkarwa, a ɗauki farar takarda da kyamara a shota 1/50 da 1/100, a ƙarfin haske na ƙasa da na sama, a duba ko akwai layukan da ke gudu a hoton. In biyu za a saya, a kunna su tare a kan bango ɗaya, domin ko samfuri ɗaya ne launinsu yakan ɗan saɓa, kuma wadda ta fi karkata zuwa kore ita za a ba aikin haska bango, ɗayar ta tsaya a fuska.